Sista Kwastan da Aljihunan 'Yan Wasa

Sunanta na gaskiya yana nan a rubuce a jikin ƙofar ɗakin jinya, amma ban taɓa jin bakin da ya kira shi ba. A gabanta kowa Sista yake cewa. Tana ba da baya sai ka ji ana raɗa, "Kwastan ta wuce." 'Yan ƙwallo ne suka laƙa mata, wai don ba a wucewa ta gabanta da ɓoyayyen kaya. Ni ce ma na tsegunta mata sunan. Ta taɓe baki ta ce ai sun yi mata adalci.

Ni mai wanki ce a sashen wasanni na kwalejin, shekara goma sha tara ke nan ina fama da zufar 'ya'yan mutane. Ɗakina yana ƙasa, bayan ɗakin canza kaya. Injin wanki uku ne, ɗaya ya mutu tun haƙorana suna cike. Nata ɗakin yana sama, daidai kaina: gado ɗaya mai katifar roba, firjin ƙanƙara, kabad ɗin magani da take rataye da makullinsa a wuya.

'Yar guntuwa ce, da tabarau mai igiya da farin takalmin da ba ya ƙara. Sai dai ka juyo ka gan ta a bayanka. Daga sashen ƙashi na wani babban asibiti ta zo, bayan rasuwar mijinta, da ɗa guda wanda yanzu yake aiki can nesa. Ban taɓa ganin mutum mai zargi irinta ba. Ka miƙa mata ruwan roba, sai ta juya shi ta karanta kwanan wata. Ka ce mata ka kwana lafiya, sai ta leƙa cikin idonka. Ɗan nata ma in ya bugo waya ya ce komai lafiya, cewa take, "To yi tari in ji."

Lokacin da ta fara aiki su biyar ne: likita na dindindin, nas biyu, mai tausa, da direban motar asibiti. Likita ya samu inda ya fi, aka ce za a kawo wani. Mai tausa ya yi ritaya, aka ce za a kawo wani. Ɗaya nas ɗin aka are ta zuwa asibitin ɗalibai na sati biyu, yau shekara goma sha biyu ke nan ba a dawo da aro ba. Motar kuwa tana nan bayan fili a kan duwatsu. Sista kaɗai ta rage, da 'yan wasa ɗari biyu da arba'in. Akwai wani likitan haya da ke zuwa Talatar farko ta kowane wata, a tara masa fom-fom na "ya cancanci wasa," ya bi su da biro ko kai ba ya ɗagawa.

Kuma yaran nan maƙaryata ne, Allah ya shirye su. Ba na ganin laifinsu. Fiye da rabinsu gurbin karatu kyauta suke ci: ka yi wa kwaleji gudu ko ƙwallo, kwaleji ta ɗauke maka karatu da ɗaki. Ka kasa shiga gasar kwalejoji ta shekara, a ba wani gurbinka. Saboda haka yaro gwiwarsa ta kumbura kamar kwarya, amma ka tambaye shi ya ce garau yake.

Wata safiya, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, na juyo na gan ta tsaye a kan kwandon kayan datti.

"Iya," ta ce, don haka take kirana, "mutum ɗaya ba zai duba ƙafa ɗari huɗu da tamanin ba. In na tambaye su ƙarya suke min. Ki bar ni in riƙa duba aljihunsu kafin ki zuba a inji."

Tun daga ranar, kullum ƙarfe bakwai saura tana ɗakina. Kowane kaya da lambar mai shi a wuya. Mu zazzage aljihu, mu juya safa. Fankon katin magani, guntun bandeji, jini a dunduniyar safa, warin man zafi a ƙafar wando guda ba ɗayar ba. Ta rubuta a wani baƙin littafi, ta haye sama. In an fito motsa jiki sai ka ji muryarta, "Lamba talatin da biyu, zo in ga gwiwar nan ta dama." Yaro ya tsaya baki sake.

Wasu suka ce aljanu gare ta. Masu hankali suka ce akwai munafuki a cikinsu. Akwai wani mai tsaron gida da suka daina yi wa magana zango guda cur, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Abin ya dame ni, amma na ja bakina na tsuke. Ni dai ba wanda ya taɓa kawo ni a ransa. Wa ke kallon mai wanki?

Haka muke har 'yar ƙanina ta shigo kwalejin. Ubanta tela ne, ido ya fara gaza masa, zare ma sai an zura masa a allura. Ba don ƙafarta ba, da ko ƙofar kwaleji ba ta gani ba. Mita ɗari huɗu take gudu, suna ce mata Barewa, lambarta sha huɗu, tana shekara ta biyu a karatun gwaje-gwajen asibiti. Duk danginmu ita ce ta fara kaiwa nan. In na gan ta tana shan kwana a fili, wallahi har kaina girma yake.

Saura sati biyar gasa, ranar wata Litinin, na riga Sista taɓa kwando. Ina ɗaga wandon sha huɗu na ji abu yana ƙaras-ƙaras. Katin maganin kashe ciwo ne, irin mai ƙarfin nan, rami goma duk wayam. Na ɗauki safarta ta hagu, warin man zafi ya bugi hancina. Ta dama ba komai. Shekara goma sha ɗaya ina karanta wannan a kayan 'ya'yan wasu, na san abin da yake nufi, na kuma san abin da Sista za ta yi: ta zaunar da ita, gasa ta wuce, gurbi ya bi.

Ban yi shawara da kowa ba. Na cusa katin a aljihun rigata, kayan kuma na tura su can ƙasan jakata. Ko zik ban gama ja ba na ji numfashi a bayana.

Muka yi aikinmu kamar kullum. Da muka kai ƙarshen kwando ta dube ni ta saman tabarau.

"Ina sha huɗu?"

"Ba ta kawo ba yau."

"Ta yi gudu jiya."

"To ni na sani, Sista? Yaran zamani ne, ƙila ta manta."

Ta yi ɗan rubutu a littafinta, ta rufe, ta fita.

Da rana na ritsa Barewa a bayan sito, na nuna mata katin. Ta yi wuri-wuri da ido, sai kuma hawaye.

"Gwaggo, ɗan ciwo ne a ƙwaurina, in na sha magani ba na ma jin sa. Sati biyar ne kawai. Ina gama gasa zan huta."

"Ke, ƙwaya goma a kwana nawa?"

"Uku. Don Allah, Gwaggo, ki rufa min asiri. In Kwastan ta ji na shiga uku. Baba zai iya ɗaukar karatuna? Ke za ki iya?"

Na san ba zan iya ba. Na ce daga yau kada ta ƙara sa kayanta a kwando, ta riƙa ba ni a hannu in tafi da su gida. Ta rungume ni tana cewa ni ce uwarta ni ce ubanta. Ko a mafarki ba ta kawo cewa wadda take roƙo ita ce idon Kwastan ba.

Sati ukun da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba ko na kwana ɗaya. Sista ta fara bincike ta kan Koci, don dama ba sa ga maciji. Ta je ta ce ya buɗe mata akwatinsa, wai tana zargin shi ke raba wa yara ƙwaya. Ya buɗe yana kumfar baki, ba komai sai usur da tsofaffin igiyoyin takalmi. Ta kira Barewa sama, ta matsa gwiwa, ta murɗa idon sawu, ta danna nan ta danna can. Yarinya ta sha maganinta, sai murmushi take. Sista ta rubuta takarda tana neman a kai ta hoton ƙashi. Aka ce sai likita ya sa hannu, ga shi Talatarsa ta wuce. Ta kai wa Daraktan sashen wasanni, ya ce yarinyar da ta zo ta ɗaya a gwajin jiya, hoton me za a yi mata? A makon ne kuma wani ɗan ƙwallon kwando ya karya yatsa, 'yan ƙwallon hannu uku suka kwanta da zazzaɓi, duk ita kaɗai.

Amma kullum da safe sai ta tambaya. "Ina sha huɗu?" Yau in ce yarinyar ta ce za ta wanke da kanta, gobe in ce ban lura ba. Da ba ta zama a ɗakina, yanzu sai ta ja kujera ta zauna tana kallon inji yana juyawa. Ni kuma in shiga zarginta. Ta sani ne take gwada ni? In ta yi shiru in ce ta gano, in ta yi min fara'a in ce tarko ne. Har ƙaramar 'yata ta fara tambaya ko lafiya nake zabura in an taɓa ƙofa.

Wautar da na yi, in na tuna har yau sai na ji kamar in mari kaina. Sabulun kwaleji wani farin gari ne da ake kawowa a buhu, warin bilic kawai yake. Ni kuwa a gida da sabulu mai ƙanshin lemo nake wanki. Shekara goma sha tara a sana'a, amma ban tuna da hanci ba.

Ranar wata Laraba ina ninke tawul ta shigo, ba sallama ba komai. Ta kama gefen ɗankwalina ta kai hanci. Na ja da baya.

"Lafiya, Sista? Yau kuma ni ce kayan dattin?"

"Yanzu sha huɗu ta wuce ta gabana a fili. Mutum ɗari biyu da talatin da tara suna warin bilic, ita kaɗai tana ƙanshin lemo. Irin na ɗankwalinki."

"To 'yata ce. Laifi ne in na wanke mata a gida?"

"Shekara biyu tana nan ba ki taɓa ba." Ta cire tabarau, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. "Na zargi Koci. Na zargi mai kantin magani na bakin ƙofa. Na zargi yarinyar, na zargi ƙawayenta. Sati uku ina kewaye ki, Iya, don ba na son ya zama ke ce. Wace ƙafa?"

Inji yana ta kwaramniya a tsakaninmu.

"Hagu," na ce. "Ƙwauri."

Sista ba ta yi wa Barewa faɗa ba. Ta je fili ta kamo hannunta, ta karɓe jakarta ta kulle a kabad, ta zaunar da ita a bakin gado. Tun ƙarfe takwas har la'asar, ruwa kawai da abinci, ban ɗaki ma tare suke zuwa. Jira take magani ya sake ta. Sannan ta ɗora babban yatsa guda a tsakiyar ƙwaurin ta danna. Ihun da yarinyar ta yi, daga ƙasa na ji shi, tawul ya faɗi daga hannuna.

Sista da kanta ta tsayar da tasi ta kai ta asibiti. Hoto ya nuna ƙashi ya tsage, tsagar ta kusa ratsawa. Likitan can ya rubuta cewa ciwon ya kai sati uku ko fiye.

Wannan rubutun ne ya zame mana masifa. Ashe a cikin takardar gurbi akwai doka: in ɗan wasa ya ji rauni, aka shigar da shi littafin ɗakin jinya cikin kwana bakwai, gurbinsa yana nan ko bai yi gasa ba. In ya ɓoye har kwanakin suka wuce, ya sauka. Sista ta ce duk shekara tana karanta musu ranar da suka shigo, ba mai saurare, waɗanda suka ji kuma cewa suke dabara ce ta kama su. Ni ban taɓa jin dokar ba. Shafi goma sha biyu ce takardar, wa ya taɓa karanta wa mai wanki? Wato da na miƙa katin nan ranar Litinin, da ba abin da ya taɓa gurbin. Ni da hannuna na jefa shi cikin haɗari.

Aka kira zama a ofishin Darakta. Ga Darakta, ga Koci, ga likitan Talata, ga kyaftin ɗin ɗalibai, wani dogo ɗan ƙwallon raga. Barewa tana gefe da sanduna biyu. Ni na rako ubanta saboda idonsa, muka zauna kusa da ƙofa.

Koci ya fara wanke kansa. Ya ce shi ba wanda ya faɗa masa komai, kuma yana da wata yarinya da ke jiran gurbin. Darakta ya ce abin a fili yake, an ɓoye sati uku.

Sista ta buɗe baƙin littafinta ta tura masa. "Ranka ya daɗe, duba ranar Litinin ɗin."

Ya karanta da ƙarfi. "Sha huɗu. Ba kaya. Ina zargi. A bi." Ya ɗago. "Sista, ke wa kika bari ba ki zarga ba a kwalejin nan? Ni kaina na san ina ciki. Zargi ai ba rauni ba ne. Kuma mene ne 'ba kaya'?"

"Wa ya sani ko jiya ta rubuta," in ji Koci.

Na zuba mata ido. Kalma biyu za ta faɗa ta fita kunya, amma kalmomin nan ni ce a cikinsu, da aikinta na shekara goma sha ɗaya. Ko inda nake ba ta kalla ba. Ta ce, "Abin da na rubuta ke nan, kuma ranar na rubuta shi."

Darakta ya jawo takarda ya cire murfin biro. Ƙanina ya laluba ya kama hannuna. "Yaya, me ake ciki? Sun cire ta?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na zaro katunan daga jakata, har guda bakwai, don ban taɓa iya zubar da su ba, na zube a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, ni zan faɗa muku ma'anar 'ba kaya.'"

Na faɗa musu duka. Kwando, aljihu, safa, ƙarfe bakwai saura. Na ce ranar Litinin ɗin ni na ga maganin, ni ma'aikaciyar kwaleji, ni na ɓoye wa nas. Na ce baiwar Allahn nan ta rubuta a ranar, ta duba yarinyar, ta nemi hoto, takardar neman tana nan a ofishin nan da sa hannun wanda ya hana. In akwai wanda ya ɓoye, ga ni. Raina ya ɓaci har na ƙara da cewa in da an ba ta ko mutum ɗaya ya taimaka mata, da ba ta ƙare a shinshinar safa ba.

Likitan Talata ya sunkuyar da kai, don a cikin fom-fom ɗin da ya sa wa hannu har da na sha huɗu. Darakta ya yi ta juya biro. Ba tausayi ne ya kama shi ba, takardar da ya hana ce ta tsaya masa a wuya. A ƙarshe ya ce za a ɗauki Litinin ɗin a matsayin ranar shigar da rauni. Gurbi yana nan har ta gama. Ni kuma in jira takardar gargaɗi.

Ƙanina ya fashe da kuka yana godiya ga kowa, har da Koci. Kyaftin kuwa kallona yake kamar yau ya fara ganina, na san kafin magariba labari ya gama ɗakunan kwana. Barewa ta zo wucewa a kan sandunanta, ta tsaya.

"Gwaggo, duk shekarun nan ke ce?"

Na ce ni ce. Ta gyaɗa kai, ta kama hannun ubanta duk da sandunan, suka fita.

A baranda na cim ma Sista, tana tafiya da littafi a hammata. Na ɗauka ko sannu za ta ce min.

"Me ya kai ki?" ta ce, ba ta ko rage sauri ba. "Daga gobe duk aljihu a share zai zo miki. Da me zan yi aiki?"

"Da sai in bari a kore ta?"

"A'a." Ta tsaya. "Gara da kika yi. Amma ba yau ya kamata ki buɗe baki ba. Da ranar kika ba ni, hutun sati shida ne da ƙanƙara, ta tashi abinta. Yanzu ƙarfe za a sa mata ranar Alhamis."

Kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe ni. Na san matar nan ba ta iya lallashi ba, shi ya sa na ji tsoron tambayar, amma na yi.

"Sista, don girman Allah, za ta sake gudu?"



"Za ta gama karatu," ta ce.

Na tsaya ina jira ko za ta ƙara wani abu. Ba ta ƙara ba. Wata 'yar ƙwallon hannu tana zaune a bakin ƙofarta riƙe da kafaɗa, tana ganin Sista ta saki kafaɗar ta ce ita gaisuwa kawai ta zo. Sista ta buɗe ƙofa ta ce mata ta shiga ta cire riga.